Baƙuwar anemoni a tankin ruwan gishiri: yadda za ka riƙe ta a watan farko

Jiya da yamma ka saka ta a tanki tana buɗe kamar faranti, yatsunta na rausaya cikin ruwa. Yau da asuba ka haska tocila, sai ka tarar ta motse ta koma kamar tsohuwar safa, ga wani abu ruwan ƙasa mai yauƙi yana fita daga bakinta. Gabanka ya faɗi. Zuciya ta fara raya maka: ko in matsar da ita, ko in ba ta abinci, ko in canza ruwa, ko in ƙara haske. A nan yawancin masu kiwon anemoni suke yin asararsu ta farko. Sau da yawa lafiyarta ƙalau, kashi kawai take yi, kuma taimakon da kake shirin kai mata shi ne ajalinta.

Anemoni, wadda wasu ke ce wa furen teku, dabba ce ba tsiro ba, kuma dangin murjani ce. Ba ƙashi, ba ƙwaƙwalwa. Jikinta kamar jaka ce da aka cika da ruwa: faffaɗar ƙafa guda a ƙasa wadda take liƙe wa dutse da ita, sai gangar jiki, sai faifai a sama mai baki a tsakiya da yatsu kewaye da shi. Ƙofa ɗaya gare ta, ta nan abinci ke shiga, ta nan kashi ke fita. Yatsun cike suke da ƙananan ƙwayoyi masu dafi da take harbin duk abin da ya taɓa ta. A cikin naman jikinta kuma akwai wasu 'yan ƙwayoyin gansakuka da ido ba ya gani, ana ce musu zuzantele. Su suke sarrafa haske su samar da sukari, ita kuma ta ci daga ciki, kuma su suke ba ta duhun launinta. Ka riƙe wannan, domin rabin abin da zai biyo baya a kansa ya rataya.

Nau'o'in anemoni sun haura 1,000, amma kimanin 10 ne kawai suke karɓar kifin nan mai ruwan lemo da fararen ɗamara, wanda Turawa suka raɗa wa sunan ɗan kama. A cikin goman, wadda ta fi sauƙin riƙo ita ce mai ƙululun yatsu, Entacmaea quadricolor, wadda ake samu tun daga Bahar Maliya har tsibiran tekun Fasifik. A kanta zan fi tsayawa. Inda wata ta bambanta da ita zan faɗa.

Mataki na 1: Tambayi tankinka kafin ka tambayi aljihunka

Tankin da bai kai wata shida da kafawa ba bai isa ya ɗauki anemoni ba, wasu ƙwararrun ma shekara guda suke cewa. Ba wai wata doka ce daga sama ba. Sabon tanki ruwansa ba ya tsayawa wuri ɗaya: yau amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci, ta ɗan ɗaga, gobe gansakuka ta rufe gilashi, jibi tsamin ruwa ya sauka. Kifi yakan jure wannan. Dabbar da kusan duk jikinta ruwa ne, wadda take zuƙar ruwan tanki ta cika cikinta da shi ta kuma fesar, ba ta da katanga tsakaninta da duk abin da ya canza. Sannan kai ma mai tankin kana bukatar waɗannan watannin ka koyi halin tankinka.

Girman tanki kada ya gaza lita 115, domin mai ƙululun yatsu takan kai faɗin santimita 30 idan ta ji daɗi. Ga abin da ya kamata gwajin ruwa ya nuna maka, ba rana ɗaya ba, makonni a jere:

Gishiri: 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin gishiri, wato giram 35 a kowace lita kamar ruwan teku.
Zafi: digiri 25 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyos. Daga 24 zuwa 27 ba laifi, muddin ba hawa da sauka yake yi ba.
Tsamin ruwa, pH: 8.1 zuwa 8.4.
Alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na hana tsaminsa sauyawa: 8 zuwa 11 a ma'aunin dKH.
Amoniya da naitirayit: sifili, ba ragi ba ciniki.
Naitiret: miligiram 2 zuwa 10 a lita. Fosfet: miligiram 0.03 zuwa 0.1 a lita.

Ka lura naitiret da fosfet ban ce sifili ba. Zuzantele kamar tsiro suke, suna son ɗan taki. Ruwan da aka tace ya yi fes har ba komai a cikinsa yakan sa anemoni ta koɗe.

Abu biyu da bai kamata a ce sai an faɗa ba, amma na ga an yi. Gishirin miya ba ya yin ruwan teku. Akwai haɗaɗɗen gishiri na musamman da ake sayarwa don tanki, mai ɗauke da kalsiyam da maganiziyam da sauransu. Kuma ruwan famfo ko na burtsatse ba a haɗa shi kai tsaye, sai an bi da shi ta na'urar tacewa ta RO. Idan kuma an taɓa zuba maganin kifi mai jan ƙarfe a tankin, to ka haƙura da anemoni a cikinsa. Jan ƙarfe yana maƙalewa a dutse da yashi ya riƙa tsattsafowa a hankali, kuma guba ne ga duk dabbar da ba ta da ƙashin baya.

Mataki na 2: Zaɓe a wurin mai sayarwa

Rabin nasararka a nan take. Ka tsaya ka kalle ta da kyau, kada kunya ta hana ka ɗaukar lokaci.

Fara da baki. Mai lafiya bakinta a tsuke yake kamar bakin jakar zariya. Idan ya wangale, ko kana hango farin abin cikinta ya leƙo waje, wuce. Sai ƙafa: ta kasance a liƙe da dutse ko gilashi, ba yagewa ba rauni. Anemonin da ruwa ke ta mirginawa a ƙasan tankin shago ta riga ta yi nisa. Sai launi. Nan ne ake yaudarar sababbin shiga, don farar anemoni fat, ko wadda har kana ganin haske ta jikinta, tana da ɗaukar ido, amma kyan ɗan maciji ne. Ta rasa zuzantelenta, wato ta rasa gonarta, yunwa take ji. Akwai ma nau'in Heteractis crispa da wasu dillalai suke rinawa ruwan ɗorawa shar. Mai lafiya za ka ga launinta da kauri, ko kore ko ja, da ɗan duhun ruwan ƙasa a ƙarƙashi.

Ka tambaya ko daga teku aka kamo ta ko a tanki ta rabu daga uwarta. Wadda aka haifa a tanki ta saba da hasken fitila da haɗaɗɗen gishiri, ba ta sha wahalar kwanaki a leda daga Indonesiya ko Filifin ba, ta fi ƙwari nesa ba kusa ba. Ko ta fi tsada, ita za ka ɗauka.

Idan a kan dutse take, sayi dutsen gaba ɗaya. Idan a gilashi take, tsaya a kan mai cire ta ka ga yadda yake yi. Da tafin yatsa ake bin gefen ƙafar a hankali har ta saki da kanta. Wanda ya finciko ta ya yaga ƙafar, kuma raunin ƙafa ƙofar ƙwayoyin cuta ne.

Manyan masu kama da darduma, irin su Stichodactyla gigantea, da kuma Heteractis magnifica, ka bar wa waɗanda suka daɗe a harkar. Suna son haske mai tsanani, ba sa jure tafiya, masu kama da dardumar kuma suna cinye kifi. Condylactis ta tekun Karebiyan tana da araha, amma a tekunta ba kifin ɗan kama ko ɗaya, saboda haka ba lallai su saba ba.

Mataki na 3: Rufe bakin famfuna tun kafin ta iso

Anemoni tana tafiya. A hankali take jan ƙafa, amma a dare ɗaya takan ratsa tanki, wani lokaci ma ta saki dutse ta kumbura ta bar ruwa ya ɗauke ta. Duk famfon kaɗa ruwa da ke cikin tankin sai ka sa masa rigar soso ko raga. Haka bakin da ruwa ke zurarewa zuwa matata, haka hita, domin idan anemonin ta liƙe a jikin hitar, hitar kuma ta kunnu, za ta ƙone.

Ni da tsada na koyi wannan. Ta farko da na saya, na ce bari in ga inda za ta zauna kafin in nemi ragar. A dare na uku na fito shan ruwa, na ji ƙarar famfo ta canza, kamar injin markaɗe da aka cusa wa tattasai da yawa. Da na kunna fitila, ruwan ya yi fari kamar an zuba nono, gutsattsarin yatsu na yawo ko'ina, kifaye sun taru a sama suna haki. Har gari ya waye ina ɗiban ruwa da bokiti. Ragar da na yi wa ƙyuya kuɗinta bai kai na cin abincin rana ba.

Ka kuma janye murjanin da kake ji da shi daga inda za ka ajiye ta. Duk wanda ta goga a hanya sai ta harbe shi.

Mataki na 4: Sabar da ita da ruwanka

Kashe fitilar tanki, ka rage hasken ɗakin. Sa ledar a rufe ta yi iyo a saman ruwa minti 15 zuwa 20 don zafinsu ya zo ɗaya. Sannan ka juye ta da ruwanta a hankali cikin ƙaramin bokiti mai tsabta wanda sabulu bai taɓa shiga ba.

Ɗauko siririn tiyo irin na iskar tanki, ka tsoma kai ɗaya a tankin, ka zuƙo ruwa kamar yadda ake zuƙo fetur, sannan ka ƙulla tiyon ƙulli sako-sako har ruwan ya koma ɗigo, biyu zuwa huɗu a daƙiƙa, kamar ƙarin ruwa a asibiti. Bar shi yana ɗiga a bokitin. Idan ruwan ya ninka, zubar da rabi ka ci gaba. Minti 45 zuwa awa guda ya wadatar. Kafin ka gama, auna gishirin bokiti da na tanki ka ga sun daidaita.

Akwai inda wannan ba ya aiki. Idan ta kwana a leda, misali an yo maka aikenta daga wani gari, to kada ka ja lokaci. A cikin rufaffiyar leda iskar da take fitarwa takan saukar da pH, wannan kuma yakan riƙe amoniyar da ta taru a sigar da ba ta da dafi sosai. Da zarar ka buɗe, iskar ta fice, pH ya hau, amoniyar ta koma guba a cikin ruwan da take zaune. A irin wannan hali daidaita zafi, ka duba gishiri, idan tazarar ba ta da yawa ka gama komai cikin minti 20 zuwa 30.

Kada ka tsoma ta a maganin wanke murjani. Yana ƙona ta. Kada ka zuba ruwan ledar a tankinka. Ka sa safar hannu ta roba, don harbinta yakan sa ƙaiƙayi da borin jini, musamman a bayan hannu da tsintsiyar hannu inda fata ba ta da kauri, kuma ka kiyayi kai hannun ido. Da tafin hannu ko ɗan kofi za ka tallafo ta, ba da ragar kama kifi ba.

Mataki na 5: Ajiyewa

Kashe famfunan kaɗa ruwa. Nemi rami ko tsaguwa a jikin dutse, wajen tsakiyar tsayin tankin ko ƙasa kaɗan. Mai ƙululun yatsu tana son ƙafarta a ɓoye cikin duhu, kanta kuma a waje yana shan haske, yadda idan ta tsorata za ta janye gaba ɗaya ta shige. Saka ƙafar a bakin ramin, ka kare ta da tafin hannu na 'yan mintuna ba tare da dannawa ba. Mai lafiya takan fara kamawa cikin minti 10 zuwa 30. Bayan kamar awa guda, idan ka ga ta riƙe, kunna famfuna a mafi ƙarancin ƙarfinsu. Abin da ake so shi ne yatsun su riƙa kaɗawa kamar ciyawa a iskar damina, ba ruwa ya riƙa dukan ta ta gefe ɗaya har ta kwanta ba.

Mai dogayen yatsu, Macrodactyla doreensis, da Stichodactyla haddoni, su a yashi suke binne ƙafa. Sai ka tona musu rami a yashi mai zurfin santimita 8 zuwa 10, kusa da gindin dutse.

Ba a ɗaure ta, ba a liƙa ta da gam kamar murjani, ba a danne ta da dutse.

Mataki na 6: Makon farko, wato makon naɗe hannu

Wannan shi ne mataki mafi wuya, don ba a yin komai a cikinsa.

Za ta bar wurin da ka zaɓa mata. Kusan kullum haka ake yi. Ka ajiye ta a gaba inda baƙi za su gani, ta lallaɓa ta koma bayan dutse inda sai ka leƙa ta gefe. Ƙyale ta. Neman inda haske da gudun ruwa suka yi mata take yi, kuma ta fi ka sanin wannan. Duk lokacin da ka ɓamɓaro ta ka maida, ka mayar da ita farkon wahala, ga haɗarin yaga ƙafa. Takan shige kogo ta yi kwana biyu ko uku ba ka gan ta ba, musamman idan fitilarka ta fi ta inda ta fito ƙarfi. Za ta fito.

Za ta kuma riƙa motsewa tana kumbura. A kwanakin farko takan yi haka sau ɗaya ko biyu a yini: ta fesar da ruwan jikinta, yatsu su zama kamar zare, ta fitar da kashi ruwan ƙasa, bayan awa ɗaya zuwa 'yan awanni ta sake cika. Musanya tsohon ruwa take yi da na tankinka. Da dare ma takan rage girma. Ƙululun yatsun kansu suna iya ɓacewa su koma dogaye sirara, wannan ba ciwo ba ne.

Abin da za ka yi a makon nan kaɗan ne. Auna amoniya, gishiri da zafi kullum. Cike gurbin ruwan da ya ƙafe da tataccen ruwa marar gishiri, domin ruwa ne ke tashi, gishirin yana nan. Wanda ya cike da ruwan gishiri zai wayi gari ma'auni ya haura 1.030. Ka ɗauke ta hoto kullum a lokaci ɗaya. Ido yana mantuwa, amma hoton Litinin da na Juma'a idan ka jera su za su gaya maka ko launi na ƙaruwa ko raguwa. Kada ka sake jeren duwatsu, kada ka kawo sabon kifi, kada ka fara zuba wani sabon sinadari.

Sai idan ta doshi famfo ko bakin magudana ne za ka sa baki. Ko nan ma ba da ƙarfi ba: juya ruwan famfo ya riƙa bugun ƙafarta, ko ka sa ƙanƙara a leda ka ɗan taɓa gefen ƙafar, za ta saki. Idan a ƙaramin dutse take, ɗauke dutsen kawai.

Mataki na 7: Haske

Fitilar tankin kifi ta gama-gari ba ta isa ba, sai irin ta murjani mai yawan shuɗi. Masu na'urar auna haske suna neman PAR, wato ma'aunin ƙarfin hasken da zuzantele ke amfani da shi, 200 zuwa 350 a daidai inda take zaune. Amma ba ranar farko za ka sakar mata wannan ba. Fara da kamar rabin ƙarfin fitilar, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan duk bayan kwana uku ko huɗu, har ka kai inda kake so cikin mako biyu zuwa uku. Idan fitilarka ba ta raguwa, shimfiɗa ragar taga ninki uku a saman tankin, ka riƙa cire ɗaya duk mako. Awa 8 zuwa 10 a yini, a kan lokaci ɗaya kullum.

Ita da kanta za ta ba ka labari. Idan tana miƙa wuya tana hawa saman duwatsu, haske ya yi mata kaɗan. Idan tana ɓuya da rana tana fitowa da yamma, ko launinta na dusashewa, ya yi yawa.

Mataki na 8: Ciyarwa

Kada ka ba ta komai sai ta liƙe wuri ɗaya ta yi kamar mako tana buɗewa da kyau. Narkar da abinci aiki ne, dabbar da ke fama da gajiyar tafiya kuma ba ta da ƙarfinsa. Abin zai ruɓe mata a ciki.

Abincinta naman teku ne ɗanye: jatan lande, ƙananan jatan landen nan na maisis da ake sayarwa a daskare, naman kifin teku ko na kumba. Ba dafaffe ba, ba mai gishiri ko yaji ba, ba kifi banda ba, ba naman shanu ko kaza ba. Girman loma kada ya wuce ƙwayar wake. Narkar da shi a ɗan ruwan tanki, ka ɗauka da dogon hantsaki, ka ɗora a kan yatsun, ba cikin baki ba. Sai ka tsaya ka sha kallo: yatsun za su kama shi kamar danƙo, su naɗe, faifan ya lanƙwasa, bakin ya kumburo ya buɗe ya haɗiye cikin 'yan mintuna. Wannan kamawar ita ce babbar shaidar lafiya. Idan loma ta zame ta faɗi, cire ta daga tankin ka sake gwadawa bayan kwana uku.

Sau ɗaya ko biyu a mako ya isa. Mai ba da ƙaton yanki yana ganin gata yake yi, da dare kuma ta amayar da shi ya ruɓe a bayan dutse. Idan kana da jatan lande masu rai a tankin, fara ba su nasu, don ɓarayi ne, har cikin bakinta suke zura hannu.

Wadda ta koɗe ita ce ke bukatar ƙarin kulawa: ƙananan loma sau biyu zuwa uku a mako, haske matsakaici, har zuzantelen su dawo. Yakan ɗauki watanni, kuma alamar farko ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa ne a jikin yatsu. Mutum ya ga kamar datti ne, alhali sauƙi ne ya fara samuwa.

Ba dabba ce mai gajeren kwana ba. A 1828 wani masani ɗan Sikotilan, Sir John Dalyell, ya ɗauko wata 'yar anemonin ruwan sanyi a gaɓar North Berwick ya saka a tulun gilashi. Ta rayu bayansa, ta wuce hannu zuwa hannu har aka yi mata laƙabi da Kaka, ba ta mutu ba sai 1887 a birnin Edinbara. Kusan shekara 60 ke nan, ba famfo ba fitila, sai canjin ruwa da 'yar loma jefi-jefi.

Mataki na 9: Ita da kifin ɗan kama

Yawanci don shi ake sayen ta, amma ba ta bukatarsa ta rayu a tanki, shi ma haka. A teku mai ƙululun yatsu tana karɓar nau'o'insa fiye da goma, ciki har da Amphiprion bicinctus na Bahar Maliya, da frenatus, da clarkii. Wanda aka fi sayarwa, ocellaris, ba ita ce gidansa na asali ba. A tanki yakan shige ta, wani cikin kwana ɗaya, wani bayan watanni, wani kuma ya zaɓi kusurwar gilashi ya yi zamansa. Ba a tilasta shi.

Matsalar ita ce idan kifin babba ne ita kuma ƙarama. Zai yi ta birgima a cikinta yana cusa kai a bakinta har ta kasa buɗewa. Faɗinta ya kamata ya ninka tsawon kifin sau biyu ko uku. Idan bai kai ba, kifa mata kwandon roba mai huji-huji na mako biyu, ko ka raba su. Kifin malam-buɗe-littafi da manyan kifayen mala'ika kuwa cizgar yatsunta suke yi, ba sa zama tanki ɗaya da ita.

Mataki na 10: Zafi da ɗaukewar wuta

Wanda ke riƙe da irin wannan tanki a Kano, Sakkwato ko Yamai yana da abokan gaba biyu da littattafan Turai ba su cika damuwa da su ba. A watan Afrilu ɗaki yakan haura digiri 35, ruwan da ya daɗe sama da digiri 30 kuwa yana sa ta zubar da zuzantelenta. Ƙaramar fanka da ke hura saman ruwa takan sauke digiri ɗaya zuwa uku, sai dai ruwa zai riƙa ƙafewa da sauri. A tsananin bazara sai na'urar sanyaya ruwa ko ɗaki mai AC. Gorar ƙanƙara a rufe tana ceto na ɗan lokaci, amma kada ka jefa da yawa zafin ya faɗo lokaci guda. Da hunturu kuma hita za ka duba.

Idan aka ɗauke wuta, rashin haske na yini guda ba zai kashe ta ba, tsayawar ruwa ce ke kisa, don iskar shaƙa takan ƙare cikin 'yan awanni, ruwan ɗumi kuma ya fi saurin rasa ta. Haɗa aƙalla famfo ɗaya da inbata ko sola, ka ajiye ƙaramin injin iska mai batir. Idan duk babu, ɗebi ruwan da kofi ka riƙa kwararo shi daga sama duk bayan 'yan mintuna. Kuma kada a fesa maganin sauro ko fiya-fiya a ɗakin da tankin yake. Abin da ke kashe sauro yana narkewa a ruwa.

Mataki na 11: Bambanta fushi da mutuwa

Motsewar da ta wuce yini guda ba ta sake cika ba, baki a wangale kullum, farin abin ciki a waje, yatsu ba sa kama abinci, ƙafa ta saki tana mirgina: idan biyu ko uku daga cikin waɗannan suka haɗu, akwai matsala. Fara da gwajin ruwa, domin mafi yawan lokuta amsar tana can. Gyara abin da ya kauce a hankali, ka canza kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na ruwan da wanda zafinsa da gishirinsa suka yi daidai, ka sa sabon gawayin tace ruwa. Idan tana ta kumbura tana motsewa sau da yawa a yini, baki a sake, wannan yakan nuna ƙwayoyin cuta ne. Masu kiwo kan yi jinyar irin wannan a wani tanki daban da maganin kashe bakteriya, bisa shawarar likitan dabbobi. Ba a zuba shi a babban tanki, don zai kashe bakteriyar da ke tace maka ruwa.

Idan kana shakka ko ta mutu, tallafo ta a kofi ka ɗago ka shinshina. Mai rai ƙarnin teku take yi. Matacciya kuwa ba sai an gaya maka ba, ɗoyin zai kore ka daga ɗakin, naman kuma yana narkewa a hannu. Kada ka jira safiya. Kashe famfuna, zuƙe ta da tiyo har gutsattsarin, canza kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na ruwan, sa gawayi, ka bi amoniya da gwaji kwana uku. Saboda irin wannan daren ne ake ajiye jarkar haɗaɗɗen ruwan gishiri a shirye kullum.

Akwai kuma wani abin da ke kama da mutuwa alhali ba ita ba ce. Wata rana za ka ga ta ja jikinta ɓangare biyu, ƙafa na tafiya gabas da yamma, tsakiya na yagewa ta kan baki. Rabuwa take yi, haka mai ƙululun yatsu ke hayayyafa, wani lokaci don ta ƙoshi, wani lokaci don wani abu ya dame ta, saboda haka ka auna ruwa. Cikin yini guda za ka ga biyu, kowacce da rauni a gefe. Kada ka ciyar da su sai bakin kowacce ya haɗe ya tsuke, abin da yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Ka sake duba ragar famfunanka a daren, domin yanzu masu yawo biyu gare ka.